Kwat Ɗin da Na Yi Niyyar Mayarwa

Ko da tsufa zai sa in manta lambar gidana, ba zan taɓa mantawa da ranar auren 'yata Rahila ba. Ranar ce na kwanta a ƙasa a wani zauren biki a Dagenham, tumbina a waje, ina roƙon likita ya ji tausayin riga.

Ni dai karatuna bai wuce aji uku ba a ƙauyenmu (shi ma sau biyu na yi shi, ina jin malamin ne ba ya son rabuwa da ni). Amma wayo kam ban taɓa zuwa aronsa ba. Na yi shekaru ina gadi a wani ofis a Tottenham, har na ɗauka babu wata dabarar London da ta fi ƙarfina.

Da aka sa rana, Rahila ta zo ta zauna kusa da ni. Yaron da za ta aura ɗan wani likitan zuciya ne da ke aiki a Camberwell, mutumin wajenmu, amma irin waɗanda ko tari za su yi sai sun nemi gafara.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo," in ji ta. "Kai za ka riƙe hannuna mu shiga coci. Ka sa kwat, ka fito smart. Kuma don Allah ban da dabara."

"Wace dabara kuma?"

"Baba."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta danƙa mini kuɗin kwat ta tafi.

To, a ƙasar nan in ka sayi kaya, kanti zai karɓa ya mayar maka da kuɗinka, muddin takardar farashi na jiki, rasit na hannunka, kayan kuma bai nuna an sa shi ba. Sai na ce a raina, kwat na yini ɗaya, don me zan aure shi? Na shiga wani babban kanti na zaɓi mai tsada, launin toka, da farar riga da laktaye. Asabar biki, Litinin kaya su koma gidansu.

Ranar da safe na kulle ɗaki na fara aiki. Takardar farashi na tura ta cikin hannun kwat. Aljihunan a ɗinke suka zo, na ƙi farke su, don haka rasit na sa shi cikin singileti. Hammata biyu na cusa musu tishu saboda gumi. Saura rigar. Irin wadda ake naɗewa da kwali ce a soke ta da ƙananan fil. Na san in na ajiye fil ɗin nan ɓacewa za su yi, kuma ba zan tuna inda kowanne yake ba. Sai na soke su ta cikin rigar, kowanne kusa da raminsa. Har yaba wa kaina na yi a madubi.

Matata Saratu ta dube ni ta ce, "Baban Rahila, me ya sa kake tafiya kamar an ɗaura maka katako a baya?"

Na ce, "Gayu ne, ba ki saba gani ba."

Gaskiya a coci na yi kyau. Matan zumunta har guɗa suka yi. Rahila ta matse hannuna ta ce a hankali, "Na gode, Baba." (A nan ne ya kamata kunya ta kama ni. Abin da na yi shi ne janye hannun kaɗan, kada hodarta ta taɓa kwat.)

A wurin liyafa wahala ta fara. Masa ta wuce ta gabana, miyar taushe ta bi ta, ga dafa-duka tana ƙyalli da mai. Duk wanda ya miƙo mini faranti sai in ce azumin godiya nake. Zama ma a bakin kujera na yi shi, kada wando ya yamutse.

Sai aka kira uban amarya ya yi jawabi. Mai gabatarwa ya maƙala mini ƙaramin makirfo a kwala. Na yi 'yan kalmomina, na sa wa yaran albarka, aka tafa. Abin ya taɓa Likita, uban ango. Ya taso, ƙaton mutum, idonsa da ƙwalla, ya buɗe hannuwa ya rungume ni da iyakar ƙarfinsa.

Fil uku suka shige ni a lokaci ɗaya, duk a ɓangaren hagu.

Na yi wani irin nishi, na dafe ƙirji. Ku tuna aikin mutumin nan. Kafin in ce uffan ya kwantar da ni a ƙasa, yana cewa a ba shi wuri, a kira motar asibiti. Ya kama gaban rigar da hannu biyu.

Na ce, "Likita, kada ka yaga, ranar Litinin zan mayar musu."

Na manta da makirfo. Maganar ta fita ta kowace lasifika a zauren, har masu wanke-wanke a kicin sun ji. Kuma ban ma ceci rigar ba, maɓallai sun riga sun watse, singileti ma ya ɗage shi. Tishu ya faɗo daga hammata, takardar farashi ta zamo tana lilo a hannuna, rasit kuma gumi ya manne shi a kan cibiyata.

Can sai muryar Saratu: "Dama na ce azumin nan ba na Allah ba ne."

Ana ta dariya Likita ya zare fil ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ya jiƙa auduga da magani, ya ce mini da Turanci zai ɗan yi smart. Ya kuwa yi, sai da na ciji leɓe. Daga baya aka bayyana mini cewa Turawa da kalmar nan ɗaya suke kiran wayo da gayu da raɗaɗi. Na ce ashe sun san da zuwana.

Amma ba dariyar mutane ce ta dame ni ba. Rahila nake nema da ido. Ta zo ta durƙusa da farar rigarta, ita kaɗai ce ba ta dariya.

"Baba, na zaci mutuwa za ka yi."

Wannan ta fi fil shiga.

Likita ya cire makirfon daga kwalata ya miƙe. "Jama'a, zuciyar surukina lafiya lau take. Kwat dai ya sha jini, ya zama ɗan gida. Amarya kuma mun karɓa, ba mu nemi rasit ba, kuma babu Litinin ɗin da za mu mayar."

Rahila ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Sai da ta ɗago na tabbata dariya ce. Ta sa aka kawo mini masa da miya, ta tsaya a kaina har na cinye, mai na ɗiga a kan laktaye.

Kwat ɗin yana nan, shi nake sawa kowace Lahadi bisa umarninta. Matan zumunta kuma Baba Litinin suke kirana, har Fasto ya taɓa kuskurewa a kan bagade. Ba zan ce na daina dabara ba, tsufa ya hana ni ƙarya mai nauyi. Amma yanzu kafin in fara, nakan tambayi aikin surukina, in kuma shafa kwalata in ji ko akwai makirfo.