Tayoyin Sande Mai Faci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai surukina kallon yadda ake duba lafiyar motata ba. Ni na gayyace shi da bakina, babu wanda ya aike ni.

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ina malamin sito a Birnin Kebbi, kuma ina da wata 'yar ƙaramar mota da na saya hannu na uku, irin wadda yara ke kira kunkuru. Abin alfaharina a duniya shi ne ba ta taɓa faɗuwa gwaji ba. Duk shekara idan jami'in duba motoci ya zo daga Sakkwato, sai in kai ta in dawo da takarda. (Har a majalisa nakan ce ta fi ni ƙoƙari, don ni sau biyu na maimaita aji biyar.)

Abin da ba na faɗa a majalisa shi ne sirrin. Akwai wani mai faci a bakin kasuwa, Sande, mutumin kudu da ya daɗe a garin har ya fi ni iya Kabanci. Yana da tayoyi huɗu sababbi fil da ba ya sayarwa. Ranar gwaji ka je da safe ya kwance naka suɗaɗɗu ya ɗaura maka nasa, ka je a duba ka, ka dawo ya mayar maka da naka, ka ba shi na goro. Kusan duk mai kunkuru a garin ya san hanyar rumfarsa. Ba ma ɗaukar abin a matsayin cuta, kamar aron babbar riga ne zuwa ɗaurin aure.

A shekarar, mai ɗakina Hajo tana da cikin fari, ya tsufa, za ta tafi gida Argungu haihuwa. Mahaifinta ya zo da kansa ɗaukarta. Dattijo ne manomin shinkafa, mai ƙarancin magana da yawan kallo. Na ce ni zan kai su a motata. Ya zagaya ta sau ɗaya, a tsakar gida da magariba, ya ce, "Damana ta, hanya duk ramu. Wagga aba tana kai mu?"

Na ce, "Baba, gobe ma za a duba lafiyarta. Ka zo ka gani da idonka."

Ka ji wauta. So nake ya ga an miƙo mini takarda, ya san 'yarsa ba ta faɗa hannun banza ba.

Da sassafe na sulale rumfar Sande. Yana ɗaure noti yana yaba hajarsa: "Malam, kwantar da hankalinka. Jiya-jiya waɗannan suka ci jarrabawa." Na yi dariya, na koma gida na ɗauko Baba.

A filin gwajin motoci sun yi layi, ga 'yan kallo. Jami'in sabo ne, wani siriri mai farar riga. Ina lura da shi yana aiki a kan motar da ke gabana: a taka birki, a kunna fitila, a danna hon, a kaɗa waifa, duk na san wannan. Amma da ya gama sai na ga ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya kwanta, ya ɗauki wani gwangwanin madara da ɗan tsinke, ya zura hannu bayan taya yana wani abu. Taya ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa Allah ya yi ni da son sanin abin da bai shafe ni ba. Na yi ta tunani: mai yake shafawa? Magani ne? Wani sabon gwaji ne aka kawo daga Legas?

Da layi ya zo kaina, komai ya tafi daidai. Birki ya kama, hon ya yi kuka, Baba yana gefe riƙe da sandarsa yana gyaɗa kai. Na kasa haƙuri, na ɗaga murya don kowa ya san ni na saba da manya:

"Yallaɓai, don Allah mene ne a gwangwanin nan?"

Ya ce, "Fenti ne. Na ji labarin a garin nan akwai tayoyin da sun fi masu motoci zuwa gwaji. Shi ne tun jiya duk motar da ta wuce, nake rubuta lambarta a bayan tayarta."

Tun jiya. Muryar Sande ta dawo mini cikin kunne tar.

Baba kuwa abin ya burge shi. "Kai, wanga yaro da dabara shike! Bari in ga yadda kaka yi." Dattijo ya ajiye sanda, ya tattare riga, ya durƙusa kusa da jami'in, suka leƙa tare.

Sai jami'in ya karanto wata lamba da ƙarfi. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "A'a, ai lambar motar hedimasta ce!" Fili ya ɗauki dariya. Wani ya ƙara, "Malam, ko takalman ma na hedimasta ne?"

Baba bai yi dariya ba. Ya sake leƙa bayan tayar, ya taso ya je ya dubi lambar da ke goshin motata, ya daɗe. Ya ce, "Ni ban yi boko ba. Amma wanga zane da wancan ba uwa guda ta haihe su ba."

Na fara kame-kame, wai kuskuren mai faci ne. Ya ɗaga mini hannu.

"Tambaya guda. Da waɗanne za ka kai ɗiyata Argungu?"

Wallahi sai a lokacin abin ya shigo mini. Shekara uku ina wannan aron, ban taɓa haɗa shi da ran mutum ba. A kaina takarda ake nema, na samo takarda. Niyyata in mayar da tayoyin Sande da azahar, gobe in ɗora mace mai cikin wata tara a kan nawa.

Ya ce in kai shi ya ga nawan. Muka je rumfar Sande a ƙasa, yana gaba ina biye kamar akuyar da aka saya. Sande ya hango mu ya shige bayan rumfa, wai zai kama ruwa. Baba ya shafa tayata da babban yatsa, sumul kamar bayan ƙwarya, wani wuri har waya ta leƙo ta karce shi. Ya dubi jinin, ya goge a rigarsa. Da zagina ya yi da na fi jin daɗi.

Washegari suka tafi a motar haya. Hajo ta leƙo ta taga ta ce, "A gaida hedimasta." (Har ta tsufa, in na cika baki, da wannan take rufe mini shi.)

Na sayar da rediyona da kekena na sayi tayoyi. Jami'in ya rubuta lambata a bayansu, yana murmushi. Ranar suna na isa Argungu da kunkuruna, mutane cike da ƙofar gida. Kafin Baba ya amsa sallamata sai da ya sa aka kawo tabarma, ya kwanta, ya leƙa, ya taso ya dubi goshin motar. Sannan ya ce, "To, sannu da zuwa."

Haka ya riƙa yi mini har ya bar duniya, Allah ya jiƙansa, ko da na canza mota. An ce kayan aro ba ya rufe katara. Ni na ƙara da cewa in har ka yi aron, kada ka gayyato surukinka ya riƙe maka madubi.