Ranar da Baba Labo Ya Saka Ni a Waƙar Noma

Ba zan taɓa mantawa da damanar da na roƙi Baba Labo ya saka sunana a waƙa ba. Da bakina na roƙa, babu wanda ya aike ni.

Baba Labo makaɗin gangar noma ne, mutumin Rumbu. Tun yana yaro yake bin mahaifinsa gona-gona da ganga a kafaɗa, har ya gaje shi. Daga Dakoro zuwa Birnin Lalle babu gayyar da ake ganin ta cika idan ba shi. 'Yan siyasa sun sha aiko masa mota ya yi musu waƙa, ya ce shi mai zufa kaɗai yake yi wa kiɗa. A shekarun fari ma, da mutane ke ɗaure kaya suna barin gari, an ce ya bi ƙauyuka yana kiɗa har wasu suka kwance kayansu. Ina son mutumin nan har cikin raina. Muryarsa ta dushe da tsufa, amma idan ya ɗaga ta sai tsikar jikina ta tashi.

Ni kuwa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da aka turo daga birnin Maradi, ana kirana Mushe kamar yadda ake kiran kowane malamin boko. Gero a tuwo na san shi (da fura, kada in rage wa kaina ilimi). A lokacin ina neman auren Hadiza, kuma mahaifinta Alhaji Idi manomi ne da ba ya ganin girman namijin da tafin hannunsa ke da laushi. Da na ji ya kira gayya, Baba Labo ne zai yi kiɗa, sai dabara ta faɗo mini: idan tsohon ya ambace ni a gaban Alhaji, ai magana ta ƙare.

Na kai wa Baba Labo goro, na zauna ina ta zuba, ina roƙon ya saka ni a waƙa. Ya tambaye ni ko na taɓa riƙe hauya. Na ce tun ina ƙarami. Ya dubi hannuwana ya daɗe, sannan ya ce to, Allah ya kai mu.

Abin da ban sani ba, kuma kowane yaro a garin ya sani, shi ne duk wanda makaɗi ya kira sunansa a gayya, shi zai ja gaba. Ni na zaci zan tsaya a inuwa ne da farar rigata, in ɗaga hannu a yi mini guɗa.

Ana cikin noma sai na ji ganga ta canza, muryar nan ta tashi: "Ina Mushe na lakwal, mai alli ya ajiye alli!" Kafin in gama murmushi an danƙa mini hauya mai doguwar ƙota, an tura ni gaban samari. Hadiza na cikin matan da suka kawo fura, Alhaji na tsaye a bakin gona.

Na ce yau ko a mutu ko a yi rai. Na duƙufa ina tura hauya, duk koren da na gani sai in tsige shi. Noman farko ne, gero bai wuce tafin hannu ba, kuma a idona shi da ciyawa uwarsu ɗaya. Hannuna ya yi ƙuna, numfashi ya gagare ni. Sai na lura samarin ba su wuce ni ba, har na fara jin kaina. Daga baya na gane Baba Labo ne ya sassauta kiɗan, gayya duka ta koma tafiyar hawainiya don kada a bar ni a baya.

Da na kai ƙarshen layi na juyo ina jiran yabo. Alhaji ya taka a hankali yana duban inda na bi, ya tsuguna ya ɗauki wani tsiro da na yanke.

"Mushe," ya ce, "hatsin ne ka nome. Hakin kau ga shi nan ka bar muna lahiya lau."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Wata tsohuwa ta fara dariya har da riƙe ciki. Nan take Baba Labo ya buga ganga da ƙarfi, ya rera cewa baƙon da ya shiga rana don 'yar mutane bai gudu ba, a koya masa, kada a kore shi. Samari suka amsa, dariyar ta bi cikin amshi ta ɓace. Ya san ƙarya na yi masa, amma ya ƙi bari in tozarta.

Da yamma na je ba Baba Labo haƙuri. Ya ce, "Ɗana, ni ban saka sunan mutum banza. Tunda na kira ka manomi, sai ka zama."

Haka na ƙare damanar ina bin Alhaji gona bayan an tashi lakwal, yana nuna mini gero kamar ɗan aji ɗaya. Bayan girbi ya ba ni Hadiza. Yanzu idan na ji makaɗi na neman wanda zai wasa, nakan fara tambayar aikin da ke biye da kirarin, sannan in san ko zan fito daga inuwa.