Gingimarin da Aka Zaɓa wa Aladunmu

Yau da safe rafin ƙauyenmu ya cinye mini kwanon dusa. Ina tsakiyar ruwa, wando a naɗe har cinya, sai ƙafata ta zame a kan dutse. Na tafi da baya, kwano ya yi nasa wuri, abincin aladu bakwai ya bi ruwa. Da na taso ina tofar da yashi, abin da na fara gani a bakin gaɓa shi ne motar ƙungiyarmu, koriya shar, tana sheƙi, tayoyinta shida ko ɗigon laka babu. Na rusuna na gaishe ta, don kayan manya ce.

Masu karatu da ba sa cin alade, ku yi mini haƙuri. Mu a nan gefen Kafanchan alade ne ke sa yaro a makaranta, shi ne ke ɗora kwano a kan ɗaki. Shi kuwa bai san Lahadi ba, bai san ranar hutu ba, sau biyu yake ci a yini. Dusar tana cikin gari, wajen masu injin niƙa da mata masu burukutu, garkunanmu kuma suna hayin rafi. Shekara da shekaru da keke da amalanke muke turo ta, mu bi ta kan kadarkon da iyayenmu suka haɗa da tsofaffin katakon layin dogo.

Bara sai manya suka tuna da mu. Takarda ta zo cewa za a ba ƙungiyar manoma mota kyauta, mu tura wakilai biyu Kaduna su zaɓa da kansu. Aka tura ni, saboda ina iya karatu, da maƙwabcina Tagwai, saboda yana da hankali. Kafin mu hau jirgin ƙasa Tagwai ya ɗauki igiya ya auna faɗin kadarko, ya yi ƙulli a daidai wurin, ya naɗe ya sa a aljihu.

A filin sayar da motoci muka tarar da Mai Girma Sarkin Sa Hannu, da mutum uku a bayansa, ɗaya riƙe da jaka, biyu riƙe da dariya ko da zai yi barkwanci. Tagwai ya zaro igiyarsa ya bi motocin ɗaya bayan ɗaya. Wata ƙaramar a-kori-kura ta shiga cikin awon, har da rarar taƙi guda. Da ya zo kan wata gingimari, igiya ta ƙare, mota ba ta ƙare ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Tagwai, "wannan ƙaramin ne namu. Babban nan ba zai wuce gadan mu ba."

Mai Girma ya yi dariya har tumbinsa na rawa, mutanensa suka taya shi. "Dattijo, ƙasa ta yi arzikin mai, kai kana yawo da igiya? In aka ga ƙaramar mota a hoto, me za a ce mun yi muku?"

"Ranka ya daɗe, alade ba ya cin hoto."

Nan na taka wa Tagwai ƙafa. Zan faɗi gaskiya ko da za ta ba ni kunya: an riga an cika mini ciki da shinkafa da kaza, an ɗora ni a kujerar gaban gingimarin, na hango kaina ina sauka daga cikinta a ƙofar majami'a ranar Lahadi. Da aka ce, "Malam Meshak, kai mai ilimi, me ka gani?" sai na ji bakina ya ce babbar ta fi kwarjini. Muna zagayawa ɗaya gefen muka ga ashe an riga an rubuta sunan ƙungiyarmu a jikin ƙofarta, fenti har ya bushe. Ina yaba wa manyanmu a nan, sun san zaɓinmu tun kafin mu baro gida.

Ranar da aka kawo ta, matan zumunta na majami'armu suka fito da ganga da kacau-kacau suna waƙar godiya. Gingimari ta taho a hankali, ta zo bakin kadarko, ta tsaya. Direbanta, Ƙasimu, ya sauko ya dubi katako, ya dubi taya, ya kaɗa kai. Waƙa ta mutu a bakin mata.

Mai Girma ko a jikinsa. Ya ce motar ba ta da laifi, gadar ce ba ta ci gaba ba.

Masu cewa manya ba sa aiki da sauri, maƙaryata ne. Cikin mako biyu leburori suka zo suka ɓalle kadarko kaf, aka kwashe katakon aka tafi ajiya da shi. Aka kafa allo mai hoton gadar kankare, aka binne dutse ɗaya, aka yi tafi. Yau wata tara ke nan. An ce siminti yana cikin jirgi a bakin teku yana layi. Damina kuwa ba ta jira shi ba, ta zo ta cika rafi. Yanzu keke ba ya wucewa, amalanke ba ya wucewa, sai mutum da kwano a ka.

Tagwai ya je ya roƙi Ƙasimu ya riƙa kawo mana dusa ko da zuwa bakin ruwa ne, mu ƙarasa da kai. Ƙasimu, bawan Allah, kwana uku ya yi a layin mai a gari, man da ya samu kuma bai fi wanda zai sake mayar da shi layin ba. Ya buɗe wata takarda mai hatimi ya karanta mana. Aikin motar biyu ne: kai abincin dabbobi ƙofar garke, da kai amfanin gona kasuwa. Bakin rafi ba ƙofar garke ba ne, kuma shi ba zai ci amanar takarda ba.

Uwar aladena ta haifi goma sha ɗaya a farkon damina. Nononta ya ƙafe, biyar sun mutu, saura shida suna yawo haƙarƙari a waje. Da su nake sa ran tura 'yata Emilia kwalejin malamai baɗi. In na ji kukansu da yamma, wallahi sai in tuna bakina ne ya ce babbar ta fi kwarjini.

Da na shiga gida yau a jiƙe sharkaf, hannu rabbana, matata Angelina ba ta yi mini faɗa ba, shi ya fi mini ciwo. Ta miƙo mini busasshiyar riga ta ce, "Baban Emilia, ka sayar da su tun suna da rai. Ni ba zan ƙara binne wani ba." Ta juya ta shiga madafa tana share ido da bakin zane.

Na aika wa Uzoma, mai sayen aladu, ya ce mu haɗu a kasuwa jibi. Ni da Tagwai za mu ɗaure su, mu ƙetare da su a kafaɗa. Ƙasimu ya duba takardarsa ya ce wannan karon babu matsala, alade amfanin gona ne, kasuwa kuma kasuwa ce. Har murna yake yi, zai fara ɗaukar kaya.

Saboda haka, Mai Girma, ranka ya daɗe, na gode. Uwar aladena ba ta taɓa shiga mota ba, ga shi za ta shiga mai taya shida, ita da 'ya'yanta, kowa da wurin miƙe ƙafa. Ni dai da ƙafa zan dawo, don takardar ba ta ce a mayar da manomi gida ba.