Ranar da Na Kashe Sabar Don Ta Huta

Ba zan taɓa mantawa da makona na farko na koyon aiki a wani ofishin kwamfuta a Jalingo ba, can ƙarshen shekarun casa'in. Har yau in na tuna sai na ja tsaki.

Buƙatata ɗaya ce: Oga Bulus ya sa hannu a littafin koyon aikina, in ba haka ba in maimaita shekara. Ya zaunar da ni gaban sabar guda biyu, wato manyan kwamfutocin da duk na ofishin suka dogara da su, ya buɗe allon da ke jera ayyukan da suke gudana.

"Duk rabin awa ka rubuta wanda ya fi cin ƙarfin injin. In ka ga matsala, faɗa mini."

In faɗa masa? Ni da ko gaisuwa sai na yi bitarta tun daga garinmu Abbare?

Na ja layuka da rula, shuɗin biro na sabar farko, ja na ta biyu. Sai na lura da wani layi a allon da kullum yake kan casa'in da bakwai cikin ɗari. Kwana uku ina rubuta shi, tausayin injinan na cina (har taɓa su nake in ji ko sun yi zafi). Sau huɗu ina zuwa ƙofar Oga, in gyara wuyan riga, in dawo.

Ranar Alhamis Oga ya tafi garin Mutum Biyu, layin kuwa ya haura zuwa casa'in da tara. Na ce yau za su ƙone a hannuna. Na kashe duka biyun don su huta.

"Wayyo! An ɗauke wuta ne?" in ji Madam Rifkatu, mai buga takardu. Fanka kuwa tana ta juyawa a kanta. Jerin sunayen da take bugawa tun safe ya tafi gaba ɗaya.

Da Oga ya dawo na miƙa masa littafina, har da ɗan alfahari. Ya duba, ya cire tabarau, ya kira kowa.

"Furofesa, wannan layin ragowar ƙarfin da ba a taɓa ba yake nunawa. Casa'in da tara, ai injin hamma yake yi! Mai barci ka kashe don ya huta?"

"Amma rubutunsa yana da kyau," in ji Madam, tana hararata. Sai ta kira sunana: "Useni, taso ka zauna nan."

Kwana biyu na yi ina sake buga sunayen nan da yatsu biyu, tana tsaye a kaina tana cin gyaɗa, kafin Oga ya sa hannu.

Tun daga nan na gane: tambaya kunyar minti ɗaya ce a gaban mutum ɗaya. Ni na tara tawa kwana uku, da biro kala biyu, na sha ta a gaban ofis guda.