Malam Hambali Ba Ya Gari

A unguwarmu a Funtuwa akwai wani dattijo, Malam Hambali, da ya zaga duniya kaf, alhali tafiyarsa mafi nisa ita ce Zariya, ita ma ɗin surukarsa ya raka asibiti. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga hatimi a kan wasiƙun da za su Landan da Alƙahira, shi kuwa yana nan daram a kujera ɗaya. Da ya yi ritaya sai abin ya ɓullo masa ta wata hanya. Wani ɗan ƙanensa mai sayar da gwanjo a Kano ya kawo masa tsarabar kofin tangaran, irin mai kaurin nan da mariƙi, an zana wata doguwar hasumiya a jiki, an rubuta sunan birnin Faris, a bayansa kuma ga ɗan tarihin garin da ƙananan haruffa. Wanda ya kawo kofin nan, Allah ya yafe masa, bai san aikin da ya tono mana ba.

Kafin shekara ta zagayo kofuna sun cika ɗaki. Duk dilar gwanjon da aka kwance a Kano, in da kofin gari a ciki, to Funtuwa zai kwana. Ga Landan, ga Mosko, ga Tokiyo, ga Santambul, har da garuruwan da shi kansa sai ya sa tabarau yake iya kiran sunansu. Ya ƙwace kabad mai gilashi ta matarsa, Inna Gaje, ya tura kwanukanta ƙarƙashin gado, ya jera kofunansa. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin namiji da jere ba sai shi. Babu mai taɓa su, ko Inna Gaje. In ka je gaishe shi, a kofin roba za a ba ka shayi, kana sha Faris tana kallonka ta cikin gilashi.

Da a nan abin ya tsaya, da ba mu ce komai ba, kowa da abin da ke ɗebe masa kewa. Sai ya kafa wa kansa doka. Kullum da safe zai dafa gahawa da citta da kanumfari, ya tsaya gaban kabad ya zaɓi kofi. Garin da ya sha a kofinsa, to a can yake har washegari. Ranar Mosko za ka gan shi cikin kwat da hular sanyi a tsakiyar bazara, gumi na bin wuyansa, yana hura hannu. Ranar Tokiyo kuwa ana idar da azahar zai yi wa mutane sai da safe, wai can dare ya yi. Salla ce kawai ya bari a agogon Funtuwa, don ranar da ya fara yi wa liman zancen ƙasaru, kallon da liman ya yi masa ya ishe shi.

Da farko dariya muke yi. Daga baya muka lura tafiye-tafiyen nan suna da wayo. Ranar rabon naman suna Malam Hambali bai cika yin nisa ba, yakan ce jirginsa ya yi latti. Amma in aiki ne na gumi, to ya haye teku.

Unguwarmu a gangare take, kuma kwata ɗaya ce babba ke kwashe mana ruwa. Al'adarmu ce kafin damina ta kankama magidanta su fito gayya a yashe ta. Wanda ba ya gari kaɗai ake ɗauke wa, sauran su yi masa nasa rabon. To wannan ƙofar Malam Hambali ya gano, ya shige ya zauna a ciki.

Ranar gayyar bana mai unguwarmu, Baba Barau, ya ce in raka shi mu taso shi. Baba Barau tsohon direban babbar mota ne, ya ga garuruwa da idonsa, kuma ba ya son magana mai tsawo. Muka yi sallama. Ga takalman Malam Hambali a bakin zaure, ga ƙamshin gahawa har waje. Inna Gaje ta amsa daga bayan labule, da muryar wadda ta gaji da wannan aike.

"Sannunku da zuwa, Mai unguwa. Ya ce a ce yana Santambul."

Baba Barau ya ce, "Gaje, ai ga tarinsa nan ina ji."

"Nima ina ji. Amma haka ya ce."

Can sai ga murya daga ɗakin zaure. "Wa nake ji kamar Barau? Ka yi magana da ƙarfi, akwai nisa."

Muka leƙa. Yana kishingiɗe a kan darduma, ya ɗora jar dara a ka, kofi a hannu. Baba Barau ya ce, "Hambali, mutane na cikin kwata tun safe. Taso."

"Kayya, da ina gari ai da ni zan riga kowa. Ka san garin nan da nake, da Kustantiniyya ake ce masa? Rabinsa a Turai, rabinsa a Asiya. Yanzu haka ina tsakiyar gada."

"To yaushe za ka dawo?"

Ya kurɓi gahawa, ya juya kofin kamar mai duba tikiti. "Wallahi ina son dawowa, Barau. Kofin Funtuwa ne ba su buga ba tukuna."

Ranar na so in yi magana, Baba Barau ya taka mini ƙafa. Muka koma muka yashe kwata har da rabonsa, muna yi muna tsaki, baƙin taɓo har gwiwa. Sai dai akwai abin da gayya ba ta yi wa mutum. Rariyar cikin gida, wadda ke fitar da ruwan tsakar gida zuwa kwata, wannan hurumin mai gida ne shi kaɗai. Tasa ta toshe da leda da ƙasa tun bara. Inna Gaje ta yi magana har bakinta ya gaji, amma duk ranar da ta tayar da zancen sai ta tarar mai gidan yana wata nahiya.

Wata Laraba a cikin Agusta aka tashi da hadari, ruwa ya ɓalle tun da hantsi kamar da bakin ƙwarya. Mu da yawa muka fake a zauren Baba Barau, muna kallon kwata tana aikinta lafiya lau. Wajen azahar sai ga mutum a guje cikin ruwa, babu hula, babu takalmi, wando a naɗe har cinya. Ya tattaro gaban rigarsa ya rungume, wani abu na ta ƙara a ciki, ƙwal-ƙwal-ƙwal. Sai da ya faɗo zaure muka gane Malam Hambali ne, da kofuna cike da riga.

"Jama'a, ku taimaka! Ruwa ya cinye ni! Rariya ta ƙi, tsakar gida ya cika, ya shiga ɗaki har gwiwa. Alƙahira ta nutse. Landan na iyo. Ƙafar kabad ta fara jiƙa, in ta kife shi ke nan, duniya ta ƙare!"

Wani ya ce, "Ina Inna Gaje?"

"Tana kan gado, ta naɗe ƙafa. Na ce ta miƙo mini na saman, ta ce ai an hana ta taɓawa."

Gaskiya ranar ya ba ni tausayi. Idonsa ya kawo ruwa, kuma katangar ɗakin nan ta ƙasa ce, in ta sha ruwa ta ƙoshi ba kofuna kaɗai za ta danne ba. Mutane suka miƙe, wannan ya ɗauki bokiti, wancan shebur, ni na jawo wani dogon ƙarfe na zurara rariya. Har mun kai bakin ƙofa Baba Barau ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya.

Ya dubi Malam Hambali daga sama har ƙasa, ya ce, "Bawan Allah, daga ina?"

"Haba Barau, wannan lokacin wasa ne?"

"Ba wasa nake ba. Mu gayyarmu ta 'yan gari ce. Yau da safe a wane kofi ka sha?"

Malam Hambali ya dubi mutane, ya dubi ruwa. Da ya yi ƙarya ya ce yau bai sha ba, da magana ta ƙare. Amma mutumin nan, in dai a kan kofi ne, ba ya iya ƙarya. Ya laluba cikin riga a hankali ya zaro wani shuɗi, ya ce da ƙaramar murya, "Benis."

"Ina ne kuma nan?"

Wallahi sai muka ga fuskarsa ta ɗan saki. Ruwa na ɗiga daga gemunsa, gidansa na nutsewa, amma ya gyara tsayuwa ya juyo mana bayan kofin.

"Benis, a ƙasar Italiya. Gari ne da aka gina shi a kan ruwa. Babu mota, babu keke. Ruwa ne titi, ruwa ne lungu. In ka buɗe ƙofar gidanka, ruwa za ka fara gani. Ko kasuwa za ka, sai da kwalekwale. Kai, Barau, garin da na fi ƙauna ke nan a duniya."

Baba Barau ya gyaɗa kai, ya koma ya zauna a kan buzunsa, ya miƙe ƙafa.

"To Hambali, shekara da shekaru kai ke zuwa musu, ko ɗaya bai taɓa tako ka ba. Yau wanda ka fi ƙauna ya ramo ziyara har cikin ɗaki, sai ka ce mu je mu kore shi da bokiti?"