A Takarda, Mabel Ba Ta Dawo Ba

Ranar Talatar makon jiya na wuni a kan benci a ofishin lafiyar dabbobi na gundumarmu, da kwando a kan cinyata, da tattabara a cikin kwandon. Na karɓi lamba ƙarfe tara saura, aka kira ni ƙarfe biyu da rabi. Yarinyar da ke bayan gilashi ta karɓi takarduna, shafi goma sha ɗaya cif, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta turo mini su ta ƙarƙashin gilashin cikin ladabi.

"Yi haƙuri, yallaɓai, likita ya sa hannu da baƙar tawada."

"To da wace iri ake so?"

"Shuɗiya. Mutanen tsallake, can Faransa, sun ce in baƙa ce, ba sa bambance sa hannu da bugun inji."

Na ce ga shuɗin biro a aljihuna, a miƙa wa likitan ya maimaita. Ta ce likita ya tafi duba shanu, sai Alhamis. Na ce ko za ta leƙa tattabarar, tunda dai maganar lafiyarta ake yi. Ta ce ita ba ta da hurumin duba tsuntsu, takarda take dubawa. Na yi godiya, na ɗauki kwandona na hau bas.

Kada wani ya ɗauka ƙorafi na kawo. Ni dai na san manyanmu ba sa barci saboda mu, kuma mutumin da ya zauna ya tsara cewa tattabara mai nauyin biredi ɗaya tana bukatar shafi goma sha ɗaya, ai ya yi aiki.

Tattabarar ba tawa ba ce. Sunanta Mabel, ta maƙwabcina ce, Baba Wilfred Ackroyd, tsohon mahaƙin kwal mai shekara tamanin da ɗaya. Ni ne sakataren ƙungiyar masu tseren tattabaru ta garinmu Skelderby, shekara goma sha tara ke nan, ba don na fi kowa ba, sai don duk ranar zaɓe kowa yakan sunkuyar da kai. Kowane watan Yuli mukan loda tsuntsayenmu a babbar mota, a tsallaka da su Faransa a jirgin ruwa, a sake su da safiyar Asabar, mu kuma mu zauna a nan muna kallon sama. Kakanninmu haka suka yi, ba wanda ya taɓa tambayar tattabara takarda.

Mabel ta zo ta biyu sau uku a wannan tseren. Shekararta bakwai, wato a wurin tattabara ta kusa ajiye aiki. Shi ma Baba Wilfred bana ce ta ƙarshe a wurinsa. Gwiwoyinsa sun ƙi, kuma a watan Satumba zai koma gidan kula da tsofaffi, inda ko kyanwa ba a yarda da ita ba, balle tattabaru arba'in. Da ba can zai je ba. 'Yarsa Hazel tana aure a Holan, ta gyara masa ɗaki a ƙasa don kada ya hau bene, har mijinta ya kafa masa ɗan ɗakin tattabaru a bayan gida. Amma yanzu mu baƙi ne a can, kwana casa'in ake ba mu mu tattara mu dawo, takardar zama kuwa shekara biyu ke nan ana cewa a saurare su. Abu ɗaya ya rage da tsohon nan yake so, ya ga Mabel ta riga kowa dawowa sau ɗaya, ya ɗora kofin tseren a kan tagar sabon ɗakinsa.

Gara in faɗi gaskiya tun kafin wani ya tona ni. A ƙuri'ar raba gardama, ni da Baba Wilfred duk ficewa daga Tarayyar Turai muka zaɓa. Ana saura mako guda, Mai Girma Wakilinmu a majalisa, Garkuwan Talakawa, Mai Almakashin Buɗe Gine-gine, ya zo zauren ƙungiyarmu da kansa. Ya hau kujera, ya ɗaga fom ɗin da muke cikawa a lokacin, mai shafi biyu, ya ce, "Wannan shi ne ƙangin da baƙi suka sa mana." Ya yaga shi gida biyu. Muka yi tafi har hannu ya yi zafi. Baba Wilfred ya tsinci rabi ya sa a aljihu don tarihi. Kuma a yi wa Mai Girma adalci, ya cika alkawari: wancan fom ɗin ba mu sake ganinsa ba.

Tun daga wannan ƙuri'a ƙungiyarmu ta rabu. Mutum ashirin da uku ne mu, masu ficewa suna zama ta wajen taga, masu zama suna zama ta wajen ƙofa, kowane ɓangare da butar shayinsa. Mutanen da suka yi shekara talatin a rami ɗaya suna haƙar kwal, yanzu in ɗaya zai nemi sukari a wurin ɗaya sai ta hannun sakatare. Abu ɗaya muka yi tare tun lokacin: ranar da aka kwashe mu a bas zuwa bikin buɗe katafaren ginin binciken dabbobi da aka yi a hanyar tashar jirgin ruwa. Mai Girma ya yanke ƙyalle, aka ba mu shayi da biskit. Direbanmu Norris yana wucewa ta wurin duk wata, ya ce har yau ƙofar a kulle take, amma tattabarun daji sun cika rufin, suna ta hayayyafa.

Da na dawo ranar Talatar, Baba Wilfred yana zaune a ƙofar ɗakin tattabarunsa da gwangwanin masara.

"Sakatare, an samu?"

"Saura kaɗan, Baba. Tawada ce ba ta yi ba."

"Ta Mabel?"

"Ta likita."

Ya karɓi kwandon, ya fito da ita, ya buɗe fiffikenta yana dubawa. "Kin ji, 'yar nan, ke lafiyarki ƙalau, biro ne ba shi da lafiya." Sannan ya dube ni. "Motar dai Juma'a za ta tashi, ko da mu ko ba mu."

Matata Glenda, wadda ita ta wajen ƙofa take zama, ta leƙo ta kan shinge. "Baba, ina rabin takardar nan da ka ajiye? Ku nemo ɗaya rabin ku liƙe, wataƙila su karɓa."

"Glenda, shiga gida," in ji ni.

"Ina cikin gidana ai. Ku ne kuka fita."

Ranar Alhamis na koma da shuɗin biro guda uku. Likita ya sa hannu, aka buga hatimi a kowane shafi, ba na Mabel kaɗai ba, har na sauran tsuntsayen gundumar, ɗari huɗu da 'yan kai. Baba Wilfred ya yi dabararsa ta kullum: tun kafin nan ya bar Mabel ta kwanta a kan ƙwai kwana goma, sannan ya ɗauke ta daga kansu ya sa a kwando. Uwar da ta bar ƙwai a gida ba ta tsayawa kallon gari a hanya. Juma'a da sassafe Norris ya ja mota, jami'anmu na bakin ruwa suka rubuta cewa tsuntsaye sun fita daga ƙasa.

Ƙarfe sha biyu da rabi na rana wayata ta yi ƙara.

"Sakatare, Norris ne. Na sake su."

"Ka saki wa?"

"Tattabarun. Duka."

Ga abin da ya faru, kamar yadda ya ba ni labari. Da jirgi ya tsaya a tsallake, wata jami'a ta karɓi takardun ta ƙirga hatimi, ta tarar shafi na bakwai babu. Ashe shafi biyu ne suka manne a hannun mai bugawa. Ta ce tsuntsaye ba za su shiga Faransa ba, ya koma da su. Jirgin da ke da wurin babbar mota kuwa sai Lahadi, ga rana tana dukan kwanon motar, tsuntsaye sun fara buɗe baki. Norris ya ce mata kafin Lahadi rabinsu sun mutu. Matar ta dubi kwandunan, ta dubi agogonta, ta ce, "Malam, ni ƙasa aka ba ni in tsare, ba sama ba. Kuma daga sha biyu zuwa biyu abinci nake ci." Ta ɗauki jakarta ta tafi. Norris ya ce bai taɓa jin Faransanci ya shige shi haka ba.

Na ruga wurin Baba Wilfred, gudun da rabona da shi tun ina saurayi. Ya ɗauko agogon tsere ya ajiye a kan benci, ya zauna ya fuskanci kudu. Glenda ta kawo mana shayi sau uku. Labari ya bazu, duk layin lambunan bayan gari ya cika da tsofaffi, kowa a ƙofar ɗakin tsuntsayensa, kowa ya ɗaga kai.

Ƙarfe shida da minti arba'in, rana ba ta ko yi sanyi ba, sai ga ɗigo ɗaya a kan hasumiyar coci. Bai yi kewaye ba, bai yi shawagi ba, ya naɗe fiffike ya faɗo. Baba Wilfred ya kaɗa gwangwanin masara yana cewa, "Zo, 'yar nan, zo, shigo gida." Ta shige kai tsaye ta hau kan ƙwanta. Ya cire zoben roba na tsere daga ƙafarta ya jefa a agogo ya murɗa, agogon ya buga lokacin isowarta. Wadda ta biyo ta sai bayan minti goma sha ɗaya. Na ga tsohon nan a jana'izar matarsa bai zubar da hawaye ba, amma ranar nan ya zubar, ni ma kuma ban tsira ba. Glenda ta ce hayaƙin wani ne ya shiga mata ido, alhali ba wanda ya hura wuta.

Ranar Litinin kwamiti ya zauna. Doka ta ce sai an saki tsuntsaye a wurin da aka tsara, a ranar da aka tsara, a gaban shaida. An sake su a bakin ruwa, ranar Juma'a, shaidar kuma tana cin abinci. Na roƙa, na ce a dubi shekarun mutumin nan. Aka kaɗa ƙuri'a: mutum ashirin suka ce a soke tseren, 'yan taga da 'yan ƙofa baki ɗaya, don duk an riga tsuntsayensu. Rabon da su yarda da juna a kan wani abu tun kafin ƙuri'ar raba gardama. Har wani ɗan ƙofa ya zuba wa ɗan taga shayi daga butarsu. Ni na rubuta sakamakon da hannuna, kuma ban taɓa jin kunyar wannan kujera kamar ranar ba.

Na koma wurin yarinyar bayan gilashi don a rubuta cewa tsuntsaye sun dawo. Ta duba na'urarta ta ce sun fita daga ƙasa, babu shaidar sun shigo. In ana so a shigo da su, sai an kawo takardar likitan ƙasar da suka fito. Na ce ƙasar ta ce ba su shiga cikinta ba.

"To ai ka ga matsalar, yallaɓai."

"Amma suna gida. Yau da safe na ba su ruwa."

"Wannan kuma tsakaninka da su ne."

Jiya Mai Girma Wakilinmu ya zo da mai ɗaukar hoto, don labarin ya kai kunnensa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin tattabarun ya yi jawabi, ya ce wannan tsuntsuwa ta nuna wa duniya cewa 'yan ƙasarmu ba sa neman izinin kowa. Ya nemi a ba shi ita ya riƙe. Baba Wilfred ya ce tana kan ƙwai. Sannan ya laluba aljihu ya ciro wata tsohuwar takarda da ta yi laushi, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ga ajiyarka. Rabin fom ɗin da ka yaga mana ne."

Mai Girma ya karɓa ya yi murmushi, ya ɗaga ta sama aka ɗauki hoto. Na tabbata bai tuna ko mece ce ba.

Bayan sun tafi na tambayi tsohon ko da za a sake ƙuri'ar me zai zaɓa. Ya ɗauko Mabel, ya daɗe yana shafa bayanta da babban yatsa. Ya ce, "Sakatare, ita wannan awa shida ta yi daga can zuwa ɗakinta, ba ta nuna wa kowa komai ba. Ni 'yata tana can ta shimfiɗa mini gado, shekara biyu na kasa isa." Ya mayar da ita kan ƙwanta, ya rufe ƙofa, ya miƙo mini makullin. "Daga Satumba taka ce. Ba ta son masara mai ƙura."

Saboda haka daga Satumba, duk wanda ya gan ni da safe ina zuba hatsi ina magana ni kaɗai, kada ya kira mini likita. Wata tattabara nake ciyarwa wadda a wurin hukuma tana nan a sama tsakanin ƙasa biyu, ba ta sauka ba tukuna. In kuma dole sai an kira likitan, a ce masa ya taho da shuɗin biro.