Sunan Da Na Rubuta A Ƙofar Motar Alhaji Bukar

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka ba mu 'yancin kai ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. Sa'o'ina in sun tuna ranar sai su yi zancen tuta da kiɗa. Ni kwalbar alkol nake tunawa, raina ya ɓaci sabo fil.

Lokacin ina saurayi, ina aiki a likita, wato asibiti, nan Damagaram. Aikina in goge wa mutane dantse da auduga da alkol kafin a yi musu allura. Sauran lokacina kuwa ya ƙare a 'yan littattafan soyayya na Faransanci masu hotuna da nake tsinta a kasuwa. A cikinsu samari ba sa noman gyaɗa, ba sa fatauci, sai dai su sassaƙa sunan masoyiya a jikin itace su yi ajiyar zuciya. (Na gwada ajiyar zuciyar a gida, innata ta jiƙa mini sabara.)

Wadda nake so ana ce mata Yagana, 'yar Alhaji Bukar, wani Babarbare mai fataucin fata a Zango. Sunanta na yanka Falmata, na ji shi ranar da ta zo a yi mata lamba. Sai na ɗauka na mallaki wani sirri da ba saurayin da ya sani. Ko ɗan yaye a garin nan ya san abin da ya sa ake sakaya sunan yarinya a kira ta Yagana: sunan kakarta aka sa mata, kuma ba mai furta shi a gidan. Ni dai hankalina yana cikin littafi.

Manyana ba su je tambaya ba tukuna, kuma akwai wani ɗan kanti da yake zawarcin gidan da buhunan sukari. Ni ba ni da sukari. A ƙauye saurayi yakan je ya yi wa surukai noma, to Alhaji ba shi da gona kusa, sai baƙar mota wadda yake ji da ita kamar ƙwayar idonsa. An sa ta cikin jerin motocin da za su zaga gari ranar biki. Na je na durƙusa na ce a ba ni wankinta. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce to, amma in yi a hankali.

Da safe na zo da bokiti da tsumma, da 'yar kwalbar alkol a aljihu, saboda na lura ƙaro ya ɗiga a gilashin daga itacen da ake ajiye ta a ƙarƙashinsa. A gilashin alkol ya yi aiki kamar sihiri. Da na tsaya nan da yau ina da labari mai daɗi.

Amma sai na ga ƙofar baya tana sheƙi, baƙa wuluk kamar allon lakwal, makarantar boko. Na ce a raina, ai alkol ba ya zama, kullum ina ganin yana bushewa a fatar mutane kafin a ƙifta ido. Zan rubuta sunanta, iska ta ɗauke shi, daga ni sai Allah. Har na ji ƙwalla don daɗin tunanin. Na jiƙa audugar sharkaf da ragowar kwalbar, na rubuta FALMATA da manyan baƙaƙe, na ja baya ina jiran iska.

Alkol ya tafi, sunan ya zauna. Fentin ya dushe ya yi fari-fari daidai inda audugar ta bi. Na zuba ruwa, na sa sabulu, na hura, na yi salati. Wa ya taɓa gaya mini fentin mota ba fatar mutum ba ne? Littattafan nan kaf ba wanda ya yi zancen fenti.

Dabarar da ta zo mini ita ce ta ƙarasa ni. Na sayo man gyaɗa wurin mai ƙosai, na tsoma yatsa na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Suka ɓace. Alhaji ya fito cikin babbar riga, ya zaga motar, ya ce madalla, har ya ce in shiga gaba kusa da direba. Shi ya zauna baya tare da tsohuwarsa, wadda kowa ke kira Kaka, aka zaunar da ita jikin ƙofar nan tawa.

Kwana biyu ba a yi ruwa ba, ga manyan motoci a gabanmu suna ta da jar ƙura. Ban san ƙura tana manne wa mai ba sai da muka iso inda aka jera 'yan lakwal da 'yan tutocinsu. Ka san yaron da ya fara koyon karatu, ko takardar tsire ya gani sai ya karanta da ƙarfi. Wani ya fara, saura suka ɗauka baki ɗaya, da irin waƙar nan ta aji:

"Fal-ma-ta! Fal-ma-ta!"

Muka yi gaba, layi na biyu ya karɓa. Alhaji bai san boko ba, ajami yake karantawa, saboda haka abin da ya sani kawai shi ne yaran gari sun jeru suna kiran sunan uwarsa gatsal a gabansa. Ya ce direba ya tsaya. Ya fita, ya ga jan rubutu ɓaro-ɓaro, ya kira wani mushe, malamin lakwal, ya karanta masa. Mushen ya yi ta sosa ƙeya kafin ya raɗa masa a kunne.

Alhaji bai ɗaga murya ba, wannan ya fi komai ciwo. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗan likita, uwata ka rubuta a mota?"

Na buɗe baki in ce ba ita nake nufi ba, sai na gane in na faɗi wadda nake nufi, na tallata 'yarsa ke nan a gaban gari ba tare da ko goron tambaya ba. Na rufe bakin. Na zauna ina kallon gwiwoyina, ina warin man gyaɗa.

Kaka ce ta yi magana. Ta tambayi me ake ciki, aka gaya mata. Ta yi dariya har ta kama ƙirji.

"Bukar, ƙyale mini mijina," in ji ta. "Tun da ubanka ya rasu ban ji sunan nan a bakin kowa ba, yau ga gari duka yana kira. Mai sukari me ya rubuta mini?"

Ita ta tsaya kai da fata har aka karɓi goron manyana bayan kaka. Alhaji ya ba ni 'yar, amma bai sake bari na matso kusa da motar ba, ko inuwarta. Sai da aka kai ta Kano aka sake fentin ƙofar, launin bai taɓa dacewa da sauran ba, kuma duk wanda ya tambaya sai ya nuna ni da haɓa. Yagana kuwa ta yi wata ba ta fita ɗiban ruwa ba saboda yara, har yau in mun yi faɗa da nan take farawa.

Yanzu in na ga samarin garaji suna surka alkol da ruwa, suna gwadawa a lungun da ba a gani kafin su taɓa mota, haushi nake ji, don ba wanda ya yi mini wannan karatun. Abin da na koya dai shi ne, masu littafi sun san abin da ya sa suke rubutu a jikin itace: itacen ba na surukinsu ba ne.